Zankwayen Alhaji Tun-Zamani

Duk garin da Allah Ya nufa da alheri sai Ya ajiye masa masani guda. Keffi kuwa an yi mata gata, domin nata masanin yana nan a unguwar Liman Abaji, gida mai koren ƙyaure, kuma ba ya ɓoye kansa. Sunansa Alhaji Idris, tsohon mai kula da sito a wata ma'aikata. Ranar Juma'a ya yi ritaya, ranar Asabar ya wayi gari masanin kayan tarihi.

Kada wani ya ce ilimin nan daga sama ya faɗo. A shekarar 1987 ma'aikatarsu ta aike shi Jos ya karɓo kujeru, ruwan sama ya tare shi, ya fake a gidan adana kayan tarihi har awa biyu. Wannan fakewar ce yake kira "lokacin da nake karatu a Jos". Wanda ya ji yadda yake jan kalmar zai rantse shekara bakwai ya yi, har da kwana a aji.

Kayan aikinsa uku ne: farar safar hannu, da madubin ƙara girma mai mariƙi, da zoben azurfa da yake ƙwanƙwasa abu da shi ya kara a kunne. Ya ce ƙarfe yana magana, kunnen ne ba kowa aka bai wa ba. Kowace magana tasa kuma da "Tun zamanin" take farawa, shi ya sa 'yan teburin shayi na Gangaren Tudu suka raɗa masa Alhaji Tun-Zamani. Da sunan ya iso kunnensa bai ji haushi ba. Ya ɗauka sarauta ce.

A teburin nan ne ya taɓa ɗaga butar mai shayi, ya ƙwanƙwasa, ya lumshe ido, ya ce tun zamanin fatake aka shigo da ita ta hamada a bayan raƙumi. Mai shayi ya ce bara ya saye ta a Mararaba.

"A Mararaba ka saya," in ji Alhaji, cikin tausayin jahili. "To ita Mararabar, ka san inda ta samo?"

Mai shayi bai sani ba. Aka tashi Alhaji ya ci nasara.

Sai dai shi babban masani ba ya zama cikin tarkace. Shekara biyu da suka wuce matarsa Hajo ta tafi Panda zaman jego, 'yarsu Nasiha ta haihu. Alhaji ya shiga ɗakinta ya tsaya yana kallon gadon da ya kwana a kai shekara talatin da huɗu, wai sai ranar ya ga muninsa. Gadon ƙarfe ne mai rumfa, na mahaifiyar Hajo, da shi aka kai ta ɗakin aure, da shi kuma aka kawo Hajo. A saman kowace ɗaya daga ƙafafunsa huɗu akwai zanko, wato ɗan kan ado mai tumbi da tsini, hayaƙin turaren wuta ya mai da su baƙi ƙirin. Ɗaya daga ciki shi ne maratayin hularsa tun yana ango, amma bai taɓa dubansa ba, domin mutum ba ya kallon inda yake rataye hula.

Ya kira mai gwangwan, irin masu sayen tsoffin ƙarafan nan, aka kwance gado, aka ba shi bokitin roba biyu, ja da shuɗi. Ya daɗe yana alfahari cewa ɗaya aka fara tayawa, shi ya ja ciniki ya kai biyu. Ya sayo gadon katako mai allon soso ya kafa.

Da Hajo ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a hannu. Ta dubi sabon gado, ta dubi bokitai.

"Har da kawunan?" ta ce.

"Har da komai, Hajiya. Mun shiga zamani."

Ba ta ƙara ba, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin godiya. Abin da bai sani ba, ɗaya daga cikin zankwayen nan yana da rami a ciki, kuma a nan Hajo take ajiye 'yan kunnen azurfa na mahaifiyarta, abu guda da ya rage mata na marigayiyar bayan gadon. Ta bi masu gwangwan har ta gaji. Daga baya ta sa ƙanenta Sale, mai shagon kayan wuta, ya riƙa sa ido.

Bana sai ga wata malamar jami'a, Dakta Vera, ta zo da shawarar a buɗe ɗan ɗakin tarihi na gari, inda yara za su ga abin da kakanninsu suka yi amfani da shi. Aka tara dattawa aka kafa kwamiti. Da aka zo maganar ciyaman kowa ya dubi ƙasa, ban da Alhaji da ya dubi kowa. Dakta Vera ta raba gardama: nan da wata guda kowa ya kawo abin da yake da shi, wanda ya kawo abu mafi daraja kuma ya san tarihinsa, shi ne ciyaman.

Alhaji bai jira wata ba. Washegari ya je wurin mai buga kati ya sa aka buga masa ɗari biyar: Alhaji Idris, Ciyaman. Abu ɗaya ya rage, ƙarami, wato abin da zai kawo. Ya duba gidansa kaf, babu abin da ya girmi firij.

Ana cikin haka Wilson ya sa ranar gwanjonsa. Shi Wilson sana'arsa ke nan: ya bi masu gwangwan da tsofaffin gidaje ya sayi abin da aka raina, ya goge da toka da lemun tsami, ya jera a zauren wani otal, mutanen Abuja su gangaro ranar Asabar su yi ta ɗaga hannu. Akwai agogunan bango masu kambi, da butocin shayi masu tsuntsu a murfi, da fitilu, da tasoshin tagulla. Kuma mutum ne mai gaskiya daidai gwargwado. Abin da bai sani ba yakan ce bai sani ba, ya bar mai saye ya yi wa kansa ƙarya.

Alhaji ya iso da babbar riga da safar hannu, ya zauna a layin gaba, a kujerar da aka rubuta sunan wani. Aka sayar da agogo, ya girgiza kai. Aka sayar da buta, ya yi murmushin wanda ya san asiri. Sai Wilson ya ɗago wani katako mai sheƙi, an kafa masa abubuwa huɗu na tagulla suna ɗaukar ido kamar zinariya.

"Lamba goma sha bakwai," in ji Wilson. "Zanko huɗu, tagulla. Gaskiya ban san daga ina suka fito ba. Mu fara da dubu biyar."

Alhaji ya miƙe. Ba a gayyace shi ba, amma ilimi ba ya jiran gayyata. Ya hau dandamali, ya ƙwanƙwasa zobe, ya kara a kunne, sai ya ji wani abu ya yi ƙaras a cikin ɗaya. Idonsa ya buɗe. Mai wayo zai yi shiru ya koma ya saya da araha. Alhaji kuwa ya karɓe makirufo.

"Jama'a, ku gafarci Wilson, yaro ne, bai yi karatun abin ba. Tun zamanin da ake yaƙi da takobi, manyan sarakuna ba sa fita sai da laima, kuma kowace laima da kan ado a samanta. Waɗannan kawunan laimar sarauta ne. Ku dubi wannan lotsawar a gefe. Saran takobi ne, daga hannun hagu, mai saran kuma dogo ne. Wannan da kuke ji yana motsi a ciki, hatimi ne. Shekararsu ɗari uku, in na rage."

Mutanen Abuja da suke ta danna waya suka ɗago kai. Wilson ya dubi sama kamar mai godiya.

"Oga Alhaji ya faɗa," ya ce. "Ni ban faɗa ba. Wa ya ce dubu ashirin?"

A nan ne wani ya ja hannun rigar Alhaji. Sale ne, yana haki, da alama da gudu ya zo.

"Yaya Alhaji, zo gefe mu yi magana."

"Ɗan nema, me ya kawo mai sayar da soket wurin manya?"

"Wallahi kawunan gadon Yaya Hajo ne. Jiya na gan su ana gogewa, ita ta aiko ni in saya mata. Ka zauna ka yi shiru, da dubu bakwai zan ɗauka."

To, a nan sai a yi wa Alhaji adalci. Tsakanin mutum da ƙanen matarsa wasa ne, kowa ya sani, kuma Sale bai taɓa barin hakkinsa na wasan nan ya kwana ba. Shi ne ya taɓa aiko masa da saƙo wai ana nemansa a rediyo ya yi bayanin tarihi, Alhaji ya sha rawani ya je ya zauna da mai gadi har azahar. Shi ne ya kawo masa murfin tukunya a nannaɗe cikin ƙyalle wai garkuwar mayaƙa ce. Shekara talatin Sale yana yi masa ƙarya yana yarda. Yau da ya zo da gaskiya, yau ne Alhaji ya ga dama ya yi wayo.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Gadon Hajo. Sale, ka tsufa ba ka daina ba. Ni da na kwana a gadon nan shekara talatin da huɗu, ni za ka gaya wa kawunansa? Waɗancan baƙaƙe ne kamar gindin tukunya."

"Goge su aka yi, Yaya."

"Kai ma a goge ka mu gani ko za ka zama zinariya. Wilson, dubu talatin."

Sale ya ce talatin da biyar, don saƙon yayarsa ne. Alhaji ya ce hamsin, don ya koya wa yaro hankali. Wata mata mai baƙin tabarau daga Abuja ta ce saba'in, don ta ji an ce hatimi. Sale ya zauna ya dafe kai. Daga nan aka bar Alhaji da matar, kuma duk lokacin da ta yi kamar za ta janye, sai ya juya ya ƙara wa jama'a bayani a kan darajar kayan, ita kuma ta sake ɗaga hannu. Bai taɓa samun ɗaliba mai saurin fahimta irinta ba. A dubu ɗari da tamanin Wilson ya kaɗa ƙararrawa, ya sauko da kansa ya yi masa musafaha da hannu biyu, ya roƙe shi don Allah kada ya riƙa fashin zuwa.

Alhaji ya kai zankwaye gida a rungume, ya kulle a falonsa, ya sa makulli a aljihu. Hajo ta tare shi a tsakar gida.

"Alhaji, ka bari in gani mana."

"Hajiya, wannan ba harkar kicin ba ce. Gumin hannu yana ɓata tarihi. Ranar Asabar za ki gani tare da sauran jama'a."

Kwana shida yana fama da mai motsin nan. Ya murɗa, ya ja, ya ɗiga man keke, ya naɗe da tsumma ya sake murɗawa har wuyan hannunsa ya kumbura. Abu ya ƙi. Wannan ya ƙara tabbatar masa, domin abin sarakuna ba ya buɗuwa da sauƙi. Ya aika aka gaya wa maƙeri ya zo ranar Asabar da zarto.

Asabar ta zo, ranar da wa'adin kwamiti ya cika, aka kafa rumfa a ƙofar gidan Alhaji. Dattawan kwamiti suka jeru, kowa da ɗan abinsa a cinya: wani tsohon ma'auni, wani fitilar aci-balbal, wani takalmin kakansa ƙafa ɗaya. Dakta Vera ta zauna da littafinta. Sale ya samu wuri a gaba, inda zai ga komai. Maƙeri yana gefe yana gwada haƙoran zarto da babban yatsa.

Alhaji ya yaye farin ƙyalle, ya yi jawabi na minti arba'in. Ya bi laimar nan daga Masar zuwa Borno, ya ratsa da ita kogi biyu, ya sa aka kashe mutum goma sha ɗaya a ƙarƙashinta. Dakta Vera ta ɗaga biro sau biyu za ta yi tambaya, sau biyu ya ce mata, "Dakta, ki rubuta kawai, tambaya a ƙarshe." Da ya gama ya ce yanzu za a yanka, kuma duk abin da ya fito shi da kansa zai karanta wa duniya.

Maƙeri ya ɗora zarto. Sai ga Hajo ta fito da mayafinta, ɗauke da tiren zoɓo. Ta ajiye a kan tebur, ta gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya, ta ce wa maƙeri, "Ɗan dakata, malam." Ta ɗauki zankon da hannunta mai gumi, ta danna tsinin ƙasa da tafin hannu, ta murɗa ta ɓangaren da Alhaji bai taɓa gwadawa ba. Ya buɗe kamar murfin man shafawa.

'Yan kunne biyu suka faɗo a tafinta, da wata takarda a nannaɗe kamar sigari.

Da wani ne, da a nan zai tsaya. Alhaji ya yi wuf ya ɗauke takardar da safar hannu, ya warware, ya kafa madubi.

"Kun gani? Wasiƙar fada. An yi ta da boko, alamar farkon zuwan Turawa ke nan. Ku dubi yadda hannun ya kwanta, wannan magatakarda ne babba." Ya gyara murya, yana bin kalma ɗaya-ɗaya ta cikin madubi. "Zuwa ga... hasken idona. Haka suke buɗe wasiƙa a da. Bayan gaisuwa mai yawa. Ni ba mai ilimi ba ne... tawali'un mutanen da ke nan... ban san komai ba sai jera kaya a sito..."

A nan ya so ya naɗe takardar. Amma ya yi alkawari a gaban jama'a, kuma Sale ya riga ya miƙe ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Ci gaba, magatakarda," in ji Sale. "Ko in taya ka? 'Amma na san abu mai daraja in na gan shi. In aka ba ni ke, ko tsinke ne ya fito daga gidanku ba zan rabu da shi ba har abada. Naki, Idi.' Ai ni na kai wasiƙar nan, Yaya. Alewa biyu ka ba ni."

Dattawa suka shiga shan zoɓo da gaggawa. Mai takalmi ƙafa ɗaya ya ƙware, aka yi ta bubbuga masa baya.

Hajo ba ta yi dariya ba. Ta goge 'yan kunnen da gefen mayafi, ta sa ɗaya, ta sa ɗaya, ta ɗan taɓa su da yatsa ta ji suna nan. Sannan ta karɓi takardar daga hannun mijinta ta nannaɗe ta yadda take.

Dakta Vera ta matso da kujerarta. "Mama, wannan kan gadon aure ne? Mai rumfa? Shekara uku ina neman irinsa, duk an kai gwangwan. Na wace ce?"

Hajo ta faɗa mata: sunan mahaifiyarta, da shekarar da aka kai ta, da yadda aka ɗauko gadon a kai daga tasha mata suna guɗa, da dalilin da ya sa maƙera suke barin rami a zanko ɗaya, don mace ta samu inda hannun miji ba ya kaiwa. Biron Dakta bai huta ba. Bayanin minti biyar ya ci shafi uku, jawabin minti arba'in kuwa bai samu layi ba.

"Wannan lotsawar fa, Mama? Ta takobin?"

"Ɓera ne ya hau rumfa," in ji Hajo. "Alhaji ya kai masa duka da muciya."

"Ya samu ɓeran?"

"Ya samu gadon."

Dakta ta tambayi ina sauran gadon yake. Hajo ta nuna bakin famfo, inda bokiti biyu suke zaune, ja da shuɗi.

Ba a daɗe ana shawara ba. Sharaɗi dai a fili yake: abu mafi daraja, da wanda ya san tarihinsa. Dattawa suka ce su kam ba su ga abin musu ba, Hajiya ce. Alhaji ya buɗe baki zai ce "Tun zamanin", sai ya ga babu zamanin da zai kama, ya rufe. Sale ya zaro kati ɗaya daga aljihun rigar Alhaji, ya ce asarar kati ɗari biyar ba daɗi, ya ciro biro ya ƙara kalma guda a tsakiya, ya miƙa masa: Alhaji Idris, Mijin Ciyaman.

An buɗe ɗakin tarihi bayan sallah. Zankwaye huɗu suna cikin gilashi da sunan mahaifiyar Hajo a ƙasa. A gefensu Dakta Vera ta roƙi a ajiye jan bokitin, wai don yara su ga abin da ake karɓa a madadin irin waɗannan kaya. Hajo ta ba da shi da daɗin rai, ta ce da ma ya fara yoyo.

Alhaji bai yi fushi ya zauna a gida ba, babban mutum ne. Kullum yana bakin ƙofa da safar hannunsa, yana tarbar baƙi, yana kai su gaban ma'auni da fitila da takalmi ƙafa ɗaya, yana ba kowanne shekara ɗari uku. Sai dai in an zo kusa da bokiti yakan tuna yana da uzuri a waje. A duk ɗakin nan shi ne kaɗai abin da ya san ranar da aka samo shi, da wanda ya kawo, da abin da aka bayar, kuma shi ne kaɗai abin da bai taɓa yin lacca a kansa ba.